Gwamna da Inuwarta: Yadda Wata 'Yar Takara a Amurka ta Yi Fama da Fim ɗin Kamfen Ɗinta

Wannan nazari ya bi sawun mace ɗaya ce, Sarah Palin, wadda take gwamnar jihar Alaska lokacin da ta tsaya takarar mataimakin shugaban Amurka a 2008. Gwamna kawai za a riƙa kiranta a nan. Matsalarta ita ce, tun kafin a kaɗa ƙuri'a wata mata mai kama da ita ta fara ari bakinta tana cin albasa a talabijin, bayan shekara uku da 'yan watanni kuma wata ta biyu ta fito a matsayinta a wasan kwaikwayo na kusan awa biyu. Aka wayi gari jama'a da yawa sun fi tuna abin da matan nan biyu suka faɗa a kan abin da ya fito daga bakinta.

Asalin lamarin: Agusta 2008

A ranar 29 ga Agusta 2008, a birnin Dayton na jihar Ohio, Sanata John McCain na jam'iyyar Republican ya gabatar da ita a matsayin abokiyar takararsa. Ranar ce ya cika shekara 72, ita kuwa tana da 44. Ba ta cika shekara biyu a kujerar gwamna ba, kafin nan kuma magajiyar garin Wasilla ce, garin da mutanensa ba su kai dubu goma ba. Tana da 'ya'ya biyar. Autan an haife shi a Afrilun shekarar da larurar da likitoci ke kira Down, babban kuma soja ne da ke shirin tafiya Iraƙi.

McCain ya so ya ɗauki amininsa Sanata Joe Lieberman, sai mashawartansa suka nuna masa cewa masu ra'ayin riƙau na jam'iyyar ba za su lamunta ba. Ga Barack Obama yana cika filaye da jama'a. Aka ce to a nemo wanda zai girgiza fagen. Binciken ƙwaƙwaf da akan ɗauki makonni ana yi wa mai neman irin wannan muƙami, nata cikin 'yan kwanaki aka yi shi.

Da farko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Jawabinta na 3 ga Satumba a babban taron jam'iyya a St. Paul mutum kusan miliyan 37 suka kalle shi, kuma a kwanakin da suka biyo baya McCain ya sha gaban Obama a wasu ƙuri'un jin ra'ayin jama'a.

Satumba zuwa Nuwamba 2008: mai kwaikwayo ta farko

A ranar 11 ga Satumba, Charlie Gibson na tashar ABC ya tambaye ta kan Rasha. Ta ce Rasha maƙwabciyarsu ce, kuma daga wani tsibiri a Alaska ana iya hango ƙasar Rasha. Maganar gaskiya ce: tsakanin ƙaramin tsibirin Diomede na Amurka da babban tsibirin Diomede na Rasha bai kai kilomita huɗu ba. Bayan kwana biyu, a shirin barkwanci na Saturday Night Live, 'yar wasa Tina Fey ta sa jan kwat da tabarau, ta ɗaure gashinta irin na Gwamna, ta lanƙwasa harshe irin nata, ta ce tana hango Rasha daga gidanta. Wannan ta biyun ce ta zauna a kunnen mutane, har yau kuma akwai masu rantsuwa cewa Gwamna ce ta faɗe ta.

Daga nan sai hirarrakinta da Katie Couric ta CBS a ƙarshen watan. Aka tambaye ta waɗanne jaridu take karantawa, ba ta ambaci ko ɗaya ba, ta ce dukansu. Amsar da ta bayar kan kuɗin ceto bankuna ta yi ta kewaye-kewaye, har Fey ta maimaita mafi yawanta kusan kalma da kalma a shirin 27 ga Satumba, 'yan kallo suna ta ƙyaƙyatawa.

Matakin farko da sansaninta ya ɗauka shi ne a shiga wasan a yi dariyar tare. A ranar 18 ga Oktoba Gwamna ta je shirin da kanta. Shirin ya samu masu kallon da rabonsa da samu shekara 14, amma kwaikwayon bai tsaya ba. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar New York Times da CBS a ƙarshen Oktoba ta nuna kashi 59 cikin ɗari na masu zaɓe suna ganin ba ta shirya wa muƙamin ba. Daga baya wasu malaman Jami'ar East Carolina, ciki har da Jody Baumgartner da Jonathan Morris, sun wallafa bincike a 2012 da ya nuna ƙimarta ta fi faɗuwa a wurin matasan da suka kalli kwaikwayon Fey.

A ranar 4 ga Nuwamba Obama ya ci zaɓe da ƙuri'un wakilai 365, McCain yana da 173. Washegari bango ya tsage. Wasu hadiman kamfen da suka ɓoye sunayensu suka fara tsegunta wa 'yan jarida labarai, ciki har da cewa wai ba ta san Afirka nahiya ce ba, ta ɗauka ƙasa ɗaya ce. Ta musanta, ta ce mugunta ce kawai. Dama tun a Oktoba an riga an fallasa cewa jam'iyya ta kashe dala dubu 150 kan tufafi da kayan ado nata da na iyalinta.

2009 zuwa 2011: ta ce bari ta ba da labarin da kanta

A Yulin 2009 ta ajiye muƙamin gwamna. A Nuwamba ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, ya yi kasuwa ƙwarai, a ciki kuma ta ɗora laifin abubuwa da dama kan manyan hadiman McCain, musamman Steve Schmidt, babban mai tsara dabarun kamfen, da Nicolle Wallace, wadda aka haɗa ta da ita don harkar 'yan jarida. Ta riƙa magana da magoya bayanta kai tsaye ta Facebook, ta kama aikin sharhi a Fox News a Janairun 2010, a ƙarshen shekarar kuma ta yi shirin rayuwar iyalinta a tashar TLC, wanda kashinsa na farko ya ja masu kallo kusan miliyan biyar.

A Janairun 2010 ɗin ne 'yan jarida biyu, John Heilemann da Mark Halperin, suka fitar da littafin Game Change, wato canjin wasa, kan zaɓen 2008. Sun dogara ne da hirarraki masu yawa da mutanen da ba a bayyana sunayensu ba. Kaso mai tsoka na littafin fafatawar Obama da Hillary Clinton ce. Da tashar HBO ta tashi mayar da shi fim mai wannan suna, sai ta bar wancan duka ta ɗauki ɓangaren Gwamna. Darakta Jay Roach da marubuci Danny Strong, waɗanda suka yi fim kan rikicin ƙidayar ƙuri'un Florida na 2000, su aka ba aikin. A Maris 2011 aka sanar cewa Julianne Moore ce za ta fito a matsayinta.

Magoya bayanta suka riga su fita kasuwa. Stephen Bannon ya shirya fim ɗin yabo mai suna The Undefeated, aka kai shi 'yan gidajen sinima a Yulin 2011. Bai yi ciniki ba, kuma kusan duk wanda ya je kallo dama nata ne. A ranar 5 ga Oktoba 2011 ta sanar cewa ba za ta nemi shugabancin ƙasa a 2012 ba.

Fabrairu zuwa farkon Maris 2012: harin riga-kafi

Da tallan fim ɗin HBO ya fito, an ga Moore a matsayin mace mai fushi, mai jifa da waya, wadda hadimai ke raɗa a kan lafiyar tunaninta. Sansanin Gwamna ya ɗauki matakai huɗu cikin 'yan makonni.

Na farko, a watan Fabrairu wasu hadimanta na da da na lokacin suka tara 'yan jarida ta waya suka yi wa fim ɗin wankin babban bargo, suka ce ƙarya ce aka shirya don a ɓata ta. Cikinsu akwai Randy Scheunemann, wanda ya koyar da ita harkokin ƙasashen waje a lokacin kamfen, da tsohuwar kakakinta Meg Stapleton. Duk rahoton da ya fito daga wannan ganawa sai da ya ƙara jimla guda: ba wanda ya kalli fim ɗin a cikinsu, talla kawai suka gani.

Na biyu, kwamitin tara mata kuɗin siyasa ya haɗa gajeren bidiyo yana yi wa sunan fim ɗin shaguɓe, cewa ba wasa aka canza ba, gaskiya aka canza. A ciki aka jera hotunan ainihi na dandazon jama'a a tarukanta, da faifan Schmidt da Wallace suna yaba mata da bakinsu a 2008. Na uku, ita da McCain duka suka ce ba za su kalla ba, ita ta ce labarin ƙarya aka gina shi a kai. Na huɗu, kafofin masu ra'ayin riƙau suka tono cewa manyan masu hannu a fim ɗin, har da Tom Hanks da ke cikin furodusoshi, magoya bayan Democrat ne masu ba jam'iyyar gudummawa. Aka kuma shirya tashar Reelz ta nuna fim ɗin Bannon a ƙarshen makon da za a saki na HBO.

HBO ba ta ja da baya ba. Ta ce marubucin ya zanta da mutane da dama da suka yi aiki a cikin kamfen ɗin, ta ci gaba da talla. Kowane martani daga Alaska ya zama sabon labari a jaridu, kowane labari kuma yana ɗauke da ranar nunawa.

10 ga Maris 2012: daren nunawa

An nuna fim ɗin ranar Asabar, kwana huɗu bayan babbar Talatar zaɓukan fitar da gwani, lokacin da 'yan Republican ke tsaka da neman wanda zai kara da Obama. Mutum miliyan 2.1 suka kalli nunin farko, adadin da wani fim na HBO bai samu ba tun 2004.

Fitowa biyu sun isa su nuna irin abin da aka gani. A ta farko, Schmidt, wanda Woody Harrelson ya fito a matsayinsa, yana gwada ta da tambaya: idan goyon bayan yaƙin Iraƙi ya ja baya a Birtaniya, me gwamnatin McCain za ta yi? Ta gyara zama cikin natsuwa ta ce za a ci gaba da tattaunawa da Sarauniya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya gaya mata ba Sarauniya ke jan ragamar gwamnati a can ba. Ta tambaya, to wa? Ya ce firaminista. Kyamara ta tsaya kan fuskarsa, fuskar mutumin da ya gane abin da ya ɗebo da hannunsa.

A ta biyu, an tashi daga taro tana bin layin jama'a tana gaisawa. Iyaye sun zo da 'ya'yansu masu irin larurar autanta, sun turo su gaba. Ta tsaya, ta sunkuya, ta rungume su, tana yi musu magana ɗaya bayan ɗaya, iyayen na share hawaye. A nan ba a sa mata wauta ko kaɗan ba. Haka kuma an nuna ta zaune ita kaɗai tana kallon Fey tana kwaikwayonta, da tarin katunan haddar da aka jibga mata, da kewar jaririnta, da fargabar ɗanta da ke fagen yaƙi. An nuna McCain, wanda Ed Harris ya fito a matsayinsa, ya sa an kai ta gidan gonarsa da ke kusa da Sedona tare da iyalinta don ta samu sararin shirya muhawararta da Joe Biden, muhawarar 2 ga Oktoba da kusan mutum miliyan 70 suka kalla. A ƙarshe ga daren faɗuwa zaɓe a Phoenix, tana so ta yi jawabi an hana ta, ga Wallace tana kuka tana shaida wa Schmidt cewa ta kasa jefa ƙuri'a.

Makon da ya biyo baya: yadda masu kallo suka rabu

Masu adawa da ita sun samu abin da suka zo nema. Fitowar Sarauniya da makamantanta su suka riƙa yawo, aka ce ai dama an faɗa.

Magoya bayanta da yawa sun bi sahunta sun ƙi kallo, waɗanda suka kalla kuma suka ce Hollywood ce ta saba. Tambayar da suka fi nanatawa ba ta da sauƙin turewa: littafin da yawancinsa kan Obama da Clinton ne, don me aka tsallake su aka zaɓi wadda ta faɗi, kuma a shekarar da Obama ke neman wa'adi na biyu? McCain, da aka tambaye shi, ya kare ta, ya kuma yi ƙorafin yawan ashar da aka ce an sa masa a baki.

Sai rukuni na uku, wanda ba a yi lissafi da shi ba. Masu sharhin fina-finai da dama, ciki har da waɗanda ba su taɓa ƙaunarta ba, suka rubuta cewa sun tashi daga kallon suna tausaya mata. A ganinsu fim ɗin ya fi tuhumar mazan da suka ɗauko ta cikin gaggawa don su ci zaɓe, suka jefa ta kogin da ba su auna zurfinsa ba.

Abin da ya fi nauyi a makon ya fito ne daga cikin gida. Schmidt ya fito talabijin ya ce abin da aka nuna haka ya faru, ya kuma amsa nasa laifin na ba da shawarar ɗaukarta. Wallace ta ce gaskiyar da ke ciki ta isa ta sa ta jin ba daɗi a kujerarta. Mutum biyu da suke cikin ɗakin, da sunayensu da fuskokinsu, sun sa hannu. Hadiman da suka musanta su ma suna cikin wasu ɗakunan, amma sun riga sun yi maganarsu tun kafin su ga abin da suke musantawa, ba a kuma koma neman su sosai ba.

Daga Satumba 2012 zuwa 2022

A Satumba fim ɗin ya lashe kyaututtukan talabijin na Emmy biyar, ciki har da na Moore, wadda ta yi barkwanci a kan mumbari cewa rashin amincewar Gwamna ma wata shaida ce gare ta. A Janairun 2013 ya ƙara da Golden Globe uku.

Gwamna ba ta ɓace ba. Ta ci gaba da jan jama'a a tarukan masu ra'ayin riƙau, a Janairun 2016 kuma ta fito a Iowa ta mara wa Donald Trump baya, lokacin da manyan jam'iyya da yawa ke gudunsa. A 2018 McCain ya rubuta cewa ya yi nadamar ƙin ɗaukar Lieberman, ya rasu a Agustan shekarar. Shaidun nan biyu kuwa sun yi nisa da inda suke: Wallace ta zama mai gabatar da shiri a MSNBC, Schmidt ya fice daga Republican a 2018 ya shiga sahun masu yaƙar Trump. Magoya bayan Gwamna suka ce to kun gani, dama da ɗan gari a kan ci gari. A 2022 ta nemi kujerar Alaska a Majalisar Wakilai, Mary Peltola ta Democrat ta kayar da ita sau biyu, a Agusta da Nuwamba.

Abin da ya ci da abin da bai ci ba

Matsin lamba don a danne fim ɗin bai ci ba, kuma da wuya ya ci. A 2003 irin wannan matsi ya sa CBS ta janye wasan kwaikwayonta kan Ronald Reagan ta miƙa wa Showtime, a 2013 kuma NBC da CNN sun fasa shirye-shiryensu kan Hillary Clinton bayan jam'iyyar Republican ta ce za ta hana su muhawarorinta. Waɗancan tashoshi suna da abin da za a ƙwace musu, ko masu talla ko muhawara. HBO a lokacin kuɗin wata take karɓa daga masu kallo, ba ta sa talla, surutu kuwa riba ne a wurinta. Ƙofar kotu ma kusan a rufe take, domin tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1964 sai mai riƙe da muƙami ya tabbatar an san ƙarya ce aka yaɗa, ko an yi ganganci da gaskiya.

Ganawar Fabrairu, a nawa ganin, ita ce babban kuskure. Scheunemann mutum ne da ya zauna da ita yana koyarwa. Da ya jira ya kalla, ya ce fitowa kaza ba haka aka yi ba, ga yadda aka yi, da an samu shaida gaban shaida. Ya harba harsashinsa tun kafin naman ya fito. Bidiyon kwamitinta ya fi wayo, domin kama mutum da maganar bakinsa hujja ce, sai dai amsarsa a bayyane take: wane hadimin kamfe ne zai kushe 'yar takararsa ana saura makonni zaɓe?

Abin da ya ci shi ne riƙe nata. Littafinta da Facebook da Fox da zargin son kai na Hollywood sun sa fim ɗin bai ɓalle mata magoya baya ba, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya a batun zaɓen ɓangaren da aka yi fim a kansa. Amma wannan kariya iyakarta bakin zauren gida. Hoton da sauran jama'a ke da shi an riga an zana shi tun kakar 2008, da hirar Couric da dariyar daren Asabar, lokacin da masu kallo suka ninka na HBO sau da yawa. Fim ɗin 2012 ya tarar da shi ne a rataye, kuma in an duba da kyau sassauta shi ya yi.

Nan ne nake ganin sansaninta ya yi asarar da bai ma lissafa ba. Abokan hamayyarta da kuɗinsu da gwanar 'yar wasansu sun nuna ta uwa ce mai tausayi, mai baiwar jan jama'a, wadda wasu maza suka yi caca da ita. Ba wani fim ɗin yabo da zai iya kai wannan saƙo gidajen da na HBO ya shiga. Tunda an riga an ce duk abin da ke ciki ƙarya ne, ba wanda ya isa a sansanin ya fito washegari ya ce a kalli fitowar nan ta layin gaisuwa, inda ta sunkuya gaban yaran, wannan ita ce Gwamnar da muka sani.